Gyaran Muryar Alhaji

"Ba zan faɗa ba, Baba."

Idon Adawiyya na kan tabarma, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

Malam Jibirin ya cire tabarau ya ɗora a gwiwa. A gefensa Mahbub ne zaune, saurayin Adawiyya da aka sa musu rana bayan babbar Sallah. Tun daga Kabo ya taho Gwarzo cikin ranar nan, ko ruwan da aka aje masa bai taɓa ba.

"Ni kike gaya wa ba za ki faɗa ba?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Amana aka ba ni."

"Suna ne fa kawai! Wa ya rubuta labarin nan?"

"Mai Fitila."

"Wannan sunan aro ne, ko yaro ya sani. Sunan yanka nake tambayarki!"

Ta girgiza kai. Malam Jibirin ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙe ya shige cikin gida yana salati, ya bar su a soro.

Asalin maganar daga shirinta ne. Da Adawiyya ta gama digiri a Kano ta dawo gida, aiki ya ƙi samuwa, fetur ya yi tashin da ko zuwa neman aikin ya fi ƙarfinta. Sai ita da ƙawarta Nanret, 'yar Filato mai koyarwa a makarantar 'yan mata, suka fara fodkas, wato shirin murya da ake saurare a waya. Suka sa masa suna "Kafin A Fasa Ƙwai". Sukan karanta gajeren labari mai sarƙaƙiya, na sata ko kisa ko ɓatan wani abu, su tsaya dab da ƙarshe su yi ta musun wane ne mai laifi, sannan su ƙarasa su tattauna gwanintar marubucin.

A ɗakin Nanret suke ɗauka, su jingina katifa a taga saboda ƙarar babura da kukan awaki. Data ta yi tsada, don haka mutum ɗaya ke saukewa ya tura wa jama'a waya zuwa waya. Tun daga teburan masu shayi a Kara har tsakar gidajen unguwar Masanawa an san muryarta.

Doka ɗaya gare su: duk wanda ya aiko labari da sunan aro, sunansa ya mutu a bakinsu.

Labarin da ya jawo rigimar na wata unguwa ne da aka wayi gari an jefa mushen akuya a rijiyarsu. Ba wanda ya ga mai laifin, sai wata tsohuwa makauniya da ta ji shi. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce "to madalla". A ƙarshe aka gano mai rijiyar burtsatse ne, wanda ke sayar wa unguwar ruwa.

Ranar Adawiyya ta zuba gwaninta. Ta kumbura murya ta yi, "Ƙehem... ƙehem... to madalla!"

Nanret ta kusa faɗowa daga kujera. "Kai! Wannan Mai Fitila mugu ne! Tun farkon labari ya sa mana mai laifin a kunne, mu kuma muna ta zargin mai akuya. Adawiyya, maimaita mana, don Allah!"

Ta maimaita. Har sau nawa ma.

Abin da ba ta sani ba shi ne, Alhaji Mijinyawa, mahaifin Mahbub, yana da rijiyar burtsatse a Kabo. Kuma ba ya buɗe baki ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu ya ce "to madalla". Ina za ta sani? Wanda zai zama surukinta ne, ko hango shi ta yi sai ta sauya hanya don kunya. Ba ta taɓa jin muryarsa ba.

Kafin mako ya zagayo, samarin Kabo sun mayar da abin wasa. Alhaji zai wuce majalisa, sai tari ya kama kowa. A sahun masallaci ma wani ya yi masa. Ba a taɓa jefa komai a rijiyar kowa ba a garin, amma mata sun fara tambayar juna ko dai an taɓa.

Alhaji ya rantse sai ya ga wanda ya rubuta a gaban alƙali. Ya ƙara da cewa in kuwa jininsa ne, zai tsine masa ya sallama shi duniya.

Jininsa ne kuwa. Zubaidatu ce, yayar Mahbub, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan uba da marayu biyu.

A can soron, Mahbub ya matso kaɗan a kan tabarmar. Idanunsa sun yi ja.

"Adawiyyata... dube ni mana."

Ta ɗago.

"Kin san yadda nake sonki. Kin san ni na tsaya miki lokacin da dangi ke cewa mace mai magana a waya duniya na ji ba matar aure ba ce."

"Na sani, Yaya Mahbub. Ban manta ba."

"To ki rufa min asiri! Alhaji ya daina fita sallar jam'i. Dattijo ne fa, Adawiyya!"

"Zan ba shi haƙuri a shirin, duniya ta ji. Zan ce ƙirƙira ce, ba shi ake nufi ba. Zan goge labarin. Zan zo har gida in durƙusa."

"Ba haƙuri yake so ba, suna yake so."

"Shi ne ba ni da shi."

"Kina da shi!"

"Ina da shi, ba nawa ba ne da zan bayar."

Ya saki wata dariya marar daɗi. "Wato wani can da ban sani ba ya fi ni daraja a wurinki?"

Zuciyarta ta yi wani irin zafi. Da ya san wa take karewa! Ta danne hawayenta ta ce, "Babu wanda ya fi ka, ruhina. Allah shaida ne."

Ya tashi ya buga babur ɗinsa, ko sallama babu.

Ta yi abin da ta ce. Ta goge labarin, ta ba da haƙuri a shiri na gaba. Amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya goguwa.

Ranar kasuwa Zubaidatu ta fake da kawo ƙaramin ɗanta asibiti, ta biyo ɗakin Nanret. Tana shiga ta zube a gaban Adawiyya.

"Wallahi ba Alhaji nake nufi ba! Wallahi tallahi! Mutumin cikin labarin ne ya ƙi tsayuwa, ba shi da wata alama. Ina cikin rubutu a waya sai na ji Alhaji ya shigo yana gyaran murya... sai kawai na ara."

Nanret ta riƙe haɓa. "Anti, duk garin Kabo ba ki samu wanda za ki ari tarinsa ba sai babanki?"

Duk da kukan, sai da Zubaidatu ta murmusa. "Shi kaɗai nake ji. Ina nake zuwa?"

Ta share fuska da gefen hijabi. "Zan je in faɗa masa. Ba zan kashe miki aure ba."

Adawiyya ta dubi yaron da ke barci a bayanta, kansa ya langaɓe, wuyansa siriri.

"Ki faɗa masa, sai ki kai su ina?"

Zubaidatu ta sunkuyar da kai.

"Dangin babansu da ko kwanon masara ba su taɓa aiko muku ba? Ko gidan haya, a wannan zamanin? Kuma da bakin uba a kanki?"

"To ke fa?"

"Ni ina da gidan ubana. Zai yi fushi, ba zai kore ni ba."

Zubaidatu ba ta sake cewa za ta faɗa ba. Adawiyya ta lura da haka, ta kuma lura da sauƙin da ya sauko a fuskarta. Abin ya ɗan sosa mata rai.

Da suna ya ƙi fitowa, sai gari ya ƙirƙiro nasa. Aka ce Nanret ce, ai baƙuwa ce, ba ta san darajar manyan gari ba. Mai gidan da take haya ya fara yi mata maganar ɗansa na son ɗakin.

Sammaci kuma ya iso. Adawiyya ta tsaya gaban alƙalin kotun Shari'a cikin dogon hijabi, Malam Jibirin na bayanta kansa a ƙasa. Ta ce a ba ta Alƙur'ani ta rantse ba Nanret ba ce, ba kuma ita ba ce. Da aka tambaye ta wane ne, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, amana ce. In akwai hukunci, a yi a kaina."

Alƙali ya saurari labarin daga wayar magatakarda har ƙarshe. Ya ce bai ji sunan mutum ko na gari ba, kuma gyaran murya ba mallakin kowa ba ne. Ya yi musu nasiha ya sallame su.

Ta yi nasara, in nasara ce. Washegari aka aiko wasu mata biyu daga Kabo da motar a-kori-kura suka kwashe akwatunan lefe. Inna Asta, mahaifiyarta, ta zauna a bakin murhu tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Wannan taurin kai naki, Adawiyya! Karatun da muka sa ki ke nan?"

"Inna, ku kuka koya min riƙon amana, ba makaranta ba."

"To ga shi nan, ki ci amanar ki ƙoshi!"

Malam Jibirin ya daina amsa gaisuwarta, sai dai ya ɗaga hannu. Ta rame. Ta gaji da kallon mata a gidan biki, ta gaji da masu zuwa jaje don su ji ƙarin bayani. Shirin ma sai da Nanret ta ja ta da ƙarfi kafin ta koma gaban waya.

Ana sauran 'yan kwanaki Sallah, da la'asar, aka ce ana sallama da ita. Mahbub ne. Shi ma ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai shiga soro ba, a gindin darbejiyar ƙofar gida ya tsaya.

Suka gaisa kamar baƙi. Ya gida, ya su Inna, ya haƙuri da rayuwa.

"Alhaji ya ce ƙofa a buɗe take har yanzu," ya ce a hankali. "Kina faɗa, gobe lefe ya dawo."

"Na ji."

"To ni kaɗai ki faɗa min, sahibata. Ni kaɗai! Na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ina so ne kawai in san don wa na rasa ki."

Ta dube shi sosai. Wannan fuskar da ba ta iya ɓoye komai ba, wadda tun a ranar farko ta tona masa asirin yana sonta kafin bakinsa ya furta. Kwano ɗaya yake ci da Alhaji. Zubaidatu ce ke kawo musu abincin. Ko yini ɗaya ba za a yi ba asirin zai tonu.

Sunan ya zo har bakin harshenta. Ta haɗiye shi.

"Ba zan iya ba, Yaya Mahbub."

"Ko don ni?"

"Wata rana za ka gane... ko kuma ba za ka taɓa ganewa ba. Amma ka sani ban taɓa son kowa ba sai kai!"

Hawaye suka cika idonsa. Ya juya kai gefe don kada ta gani, ya yi ƙoƙarin saita muryarsa.

"Ƙehem... ƙehem..." Ya ja numfashi. "To madalla."

Bai ma san ya yi ba. Ita kuwa sai da ta dafa darbejiyar. Dariya da kuka suka taso mata lokaci guda, kukan ya rinjaya. Tana tsaye har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace a hanyar Kabo.

Bayan Sallah aka ɗaura masa aure da 'yar ƙanen Alhaji. Zubaidatu ce ta yi girkin walima.

A makon ne sabon labari ya shigo wayar Adawiyya daga Mai Fitila. Ba gaisuwa, ba ban haƙuri, labarin kawai. Ta so ta goge shi. Ta karanta layin farko don ta samu dalili, sai ga ta a ƙarshe ba ta sani ba. Ya fi na rijiyar kyau, abin haushi.

Nanret ta jingina katifa a taga ta dube ta. "Kin tabbata za mu karanta shi? Wannan karon dai mu bincika, kada a samu mai atishawa."

"Na duba. Ba kowa a ciki."

Ta jawo wayar gabanta, ta goge ido da bayan hannu.

Ta rasa mijin da take so. Ta rasa fara'ar mahaifinta, sunanta kuma ya zama abin misali a bakin iyayen 'yan mata daga Gwarzo har Kabo. Abin da riƙon amana ya ci mata ke nan, kuma babu wanda zai biya ta. Marayu biyu dai na nan suna kwana a gidan kakansu.

Ta danna wayar.

"Masu sauraro, assalamu alaikum. Adawiyya Jibirin ce. Labarinmu na yau na Mai Fitila ne... kuma kada wanda ya tambaye ni ko wane ne."