Tambayar da 'Yan Aji Suka Kai Gidan Malama

Ranar da saurayin mai keke ya fara shigowa ajin Malama, hular kwano ce a hannunsa, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe, ya manta bai sauke ba. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Malama ta ɗaure fuska ta tsawata musu, amma ita ma dariyar na cin ta.

Daga ofishin kiyaye haɗurra aka turo shi, ya duba binciken da 'yan ajinta suka yi a kan lafiyar masu hawa keke. Ya zauna a kujerarta, ya ciro jan biro, ya yi ta bin takardun yana zane.

"Kun yi ƙoƙari," ya ce. "Amma su wa kuka tambaya?"

"Masu keke, a ƙofar makaranta!"

"Wato waɗanda suka iso lafiya. Wanda ya faɗi ya karye fa? Wanda tsoro ya sa ya ajiye keke fa? Suna gida. Ku bi gida-gida ku tambaye su."

Bara ne babbar mota ta take autan gidan su Malama a kan kekensa ya rasu, kuma tun daga ranar ba a ƙara ambaton keke a gaban Inna, mahaifiyarta, ba.

Da aka tashi ya karɓi lambarta, wai saboda aiki. Da yamma saƙo ya shigo.

"Malama, na duba takardu da yawa yau. Abu ɗaya ne na rasa inda zan gyara a ajin nan. Ke ce."

Ta juya wayar, ta sake juyawa, sannan ta rubuta: "Jan Biro, ashe har mutane kake dubawa?"

Sunan ya bi shi ke nan. Tun ana maganar aiki har aka daina fakewa da aiki. Yana ce mata Malamata, tana ce masa Jan Birona. Sai dai duk ranar da ya hau kekensa ya juya, sai ta bi shi da kallo tana tuna autansu.

Da ta gaya wa Inna, tambaya ɗaya Inna ta yi.

"Shi ne wannan da nake hangowa da keke?"

"Shi ne, Inna."

"Na ba wa titi ɗa guda. Ba zan zauna ina kallon ki kina jiran abin da na jira ba. Ga ɗan ƙawata nan mai kanti, da motarsa, kullum yana aiko gaisuwa."

Mai kantin ba shi da laifi, sai dai in ya zo zance, labarin tayar mota yake yi har ta fara hamma.

"Ko in sayar da keken?" Jan Biro ya tambaye ta.

"Za ka iya?"

"Saboda ke zan iya. Amma da wane baki zan ƙara tsayawa gaban yara in ce su hau da kula?"

Ta fara ramewa.

Ana cikin haka ɗalibai suka raba tituna a tsakaninsu don bin gida-gida. 'Yan mata uku suka ɗauki layin su Malama, ba su san gidanta ba ne. Da ta dawo aiki ta tarar da Inna zaune a ƙasa, idanu jajur.

"'Yan ajinki sun zo," ta ce. "Wai akwai wanda ya taɓa haɗari da keke a gidan nan? Wai mai jan biro ne ya ce su tambaya."

Malama ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Na gaya maka ciwon gidanmu, shi ne ka turo yara su fama mata? Kada ka ƙara kira na."

Amsa ta zo: "Wallahi ban san layinku za su bi ba. Amma ni na ce su bi gidaje. Laifina ne, Malamata."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma iya cin abinci ba.

Washegari ranar jin sakamakon binciken ce. Ya shigo ajin, ta koma bakin taga ta ba shi baya.

"Yau ni za a gyara," ya ce wa ɗaliban. "Na ce ku shiga gidaje, ban koya muku yadda ake shiga gidan da aka yi rashi ba. Ana fara gaisuwa, a nemi izini, a ce wa mutum in ba ya so ya bari. Ku ukun nan, ku tashi mu je mu ba da haƙuri."

Malama ta bi su a baya. A ranta ta gama cewa yau komai ya ƙare.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, yaran suka durƙusa a bayansa. Inna ta fito ta dube su.

"Ku tashi, 'yan nan," ta ce. "Tun da ya rasu kowa haƙuri yake ba ni, a canza zance. Ku ne kuka fara tambaya ta yadda aka yi. Na yi kuka, amma na faɗa."

Ta juya gare shi. "Kai, in ka hau abin nan, kana jin tsoro?"

"Kullum, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Nawa ba ya jin tsoro. Dariya yake mini in na ce ya kula."

Ta miƙe ta buɗe ɗakin ajiya, ta ɗage wani tsohon bargo. Keken auta ne a ƙarƙashi, gaban a lanƙwashe. Malama ta toshe baki, ba ta san Inna ta ajiye shi ba.

"Ɗauka ka kai musu makaranta su gani da idonsu," Inna ta ce. "In ka kai, ka turo manyanka."

Jan Biro ya sa hannu biyu ya ɗauki keken. Ɗaya daga cikin yaran ta raɗa wa 'yar'uwarta, "Wannan ma za mu rubuta?" Inna ta yi dariya tana share hawaye.

Ranar ɗaurin aure 'yan ajin suka cika gidan da hayaniya. Da za a tafi da amarya, Inna ta kama hannun ango ta ɗora a kan na 'yarta, ta riƙe su gam.

"Ban daina jin tsoro ba," ta ce. "Amma na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya sa duk wanda ya fita a cikinku ya dawo ya tarar da ɗan'uwansa."

Gidan ya amsa da amin.