Kwanon Miyan Gimbiya Honorine

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto Carrel daga wani ƙaramin gidan tarihi a Compiègne. Kwanon miya na tangaran ya ɓace daga teburin da za a buɗe wa jama'a ƙarfe huɗu.

Dakta Bastien ne ya tare shi, gumi sharkaf. Wata uku kacal da ɗaukarsa aiki, ya gano mai kayan cin abincin nan na zamanin daula: Gimbiya Honorine, ƙanwar matar sarki.

"Tambarinta yana cikin murfin, Sufeto. In babu kwanon, maƙaryaci zan zama gaban 'yan jarida, aikina kuma ya tafi."

Carrel ya duba ƙofa da tagogin ɗakin da teburin yake. Ba a ɓalle komai ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Madam Odile."

Madam Odile ta shekara talatin da ɗaya tana goge kayan nan. Carrel ya same ta a ofis tana shan kofi, ko a jikinta.

"Rabona da ɗakin tun Litinin," ta ce. "Ku tambayi gwanin. Ai sunansa aka rubuta a allo, da manyan baƙaƙe."

Carrel bai kula habaicin ba. Ya koma ɗakin, ya karɓi hoton da Bastien ya ɗauka jiya da ya gama shirya teburin. Ya dubi hoton, ya dubi teburin, ya sa aka kira ta.

"Madam, a hoton nan cokula masu yatsu suna kallon sama. Yanzu duka goma sha takwas a kife suke. Wane ɓarawo ne zai tsaya gyara tebur?"

Abin ya ci ta.

"A kife ake ajiye su a gidan sarauta, don tambarin bayansu ya fito! Wannan ɗan bana-bakwai ya jera su kamar a gidan abincin tasha. Ina zan iya wucewa in bar su haka?"

"Ashe kin shiga."

Kishi ne tsagwaronsa, ba ta ma ɓoye ba.

"Sau dubu na wanke murfin nan, Sufeto. Na ga tambarin, na ɗauka ado ne. Shi kallo ɗaya ya yi masa. Ni na yi wa Gimbiya bauta, shi ta gaya wa sunanta."

A kabad ɗinta aka sami kwanon, naɗe cikin rigar sanyinta.

Kofur ɗin 'yan sanda da ya rako Carrel ya riƙe hannunta za su fita, Bastien ya kai hannu ga kunnuwan kwanon. Ta juyo a fusace.

"Ta ƙasa ake ɗaukarsa, Dakta! Hannu biyu!"

Ya ɗauka yadda ta ce. Sai da ta ga ya dire shi lafiya sannan ta bi kofur.