Fitilar da Aka Ɓoye a Kwalla

A wani ƙauye can an yi wata mai saƙar faifai, Iya Tabawa, wadda hayaƙin kananzir yake sa ta tari. Ranar kasuwa ta yi ciniki har mai kaya ya gaji, ta sayo fitila mai aiki da hasken rana. Ta kyautar da tsohuwar fitilarta, ta ce ita da kananzir har abada.

Sabon abu kuwa ba a barinsa a rana ya koɗe. Sai ta naɗe fitilar da zane, ta sa a kwalla, ta rufe, ba ta fito da ita sai da dare. Fitila ta yi haske, ta rage haske, ta daina haske. Ga faya-fayan wata amarya ba ta gama ba, ga biki ya matso.

Maƙwabciyarta Lantana ta leƙo ta katanga ta ce, "Iya, ki shanya ta mana! Rana ce tuwonta."

"Ni in shanya sabuwar fitila kamar kuɓewa? Allah ya kiyaye!"

Amma ta dubi sauran aikinta, ta dubi kwalla. Washegari da hantsi ta ɗora fitila a kan rumfa, gefen kuɓewar.

Da magariba tsakar gida ya haskaka. Iya ta zauna tana saƙa babu tari, tana ce wa fitila, "Gobe ma ki ci ki ƙoshi, 'yar nan, ai ba ni ke biya ba."