Cikin Alkama

Amarya na tsaye a kicin tana sassauta igiyar siket ɗinta sai ga surukarta Umma ta faɗo, ta kafe ta da ido, ta tafa hannu.

"Alhamdulillahi! Auta, zo ka gani, ciki ne!"

Ciki ne kam, amma ba irin wanda Umma ke nufi ba. Kumburi ne da murɗa, ga kasala kamar an yi mata duka. Da awo ya nuna babu juna biyu, fuskar Umma ta ɗan canza, amma ta daure.

Matsalar ta taso ne ranar da Amarya ta lura cewa duk sanda ta ci burodi cikinta ke tashi. Ta daina, ta fara samun sauƙi. To fa! Gidan burodin da ke ƙasan benensu marigayi maigidan Umma ne ya kafa shi, ɗanta Auta, mijin Amarya, ya gada. Ture burodi a teburin nan, ai tsokanar tsuliyar dodo ne.

"Abin da ya raini mijinki shi kike ƙyama?" in ji Umma. "In mun yi miki kaɗan, ƙofa a buɗe take!"

Amarya ta shige ɗaki tana kuka. Auta ya biyo ta, gashinsa fari fat da fulawa.

"Haba Gimbiya, sori mana. Gobe sai asibiti. In ma ni ne ke kumbura ki, likita ta faɗa."

Dariya ta kufce mata cikin hawaye.

Likita ta saurare su tsaf, ta ce tana zargin cutar siliyak, wadda hanji ba ya shiri da wani sinadari na alkama. "Sai dai kin yi gaggawar dainawa. In ba kya ci, gwajin zai iya nuna lafiya lau. Sai kin koma ci na 'yan makonni."

Auta ya zaro ido. "Ta koma wahala da gangan?"

"Zan ci," in ji Amarya. "Gara Umma ta ji gaskiya daga bakin asibiti."

Haka ta koma teburi tana gutsura tana murmushi, cikinta na juyi. Umma kuwa har da ƙara mata yanka, tana cewa yarinya ta yi hankali.

Ranar karɓar rizalt Auta ya lallaɓa Umma suka tafi tare. Gwajin jini da na hanji duk sun tabbatar. Likita ta ce babu alkama har abada, ko ɓurɓushi.

Umma ta juyo a hankali. "Kin san yana cutar da ke, kika yi ta ci a gabana? Ni kuma ina ƙara miki?"

"Ba na son rasa ku ne, Umma."

Tsohuwa ta rungume ta tana sharɓar kuka. "Yafe mini, 'yata. Na yi miki mummunar fahimta."

Daga ranar Umma ta zama soja. Ta ware tukunya da wuƙa da faranti, ta hana Auta hawowa sama da ƙurar fulawa sai ya yi wanka ya sauya kaya. Shi kuma ya yi ta fama da gasa burodin garin shinkafa a murhun gida. Na farko ya fito kamar bulo, amma a hankali ya gane kansa.

Bayan shekara, Umma ta sake ganin Amarya na sassauta siket. Ta ɗaga ludayi.

"Auta! Wane mara imani ne ya ba ta alkama?"

Amarya ta sunkuyar da kai tana dariya. "Umma, wannan karon naki ne ya tabbata."

Ludayi ya faɗi, Umma ta hau rawa a tsakar kicin.

Mahaƙurci mawadaci. Kuma kafin ka ce wani ya raina abincinka, tambayi cikinsa tukuna.