Ankon Ruwan Makuba

An baje yadudduka a tsakar gidan Malam Tukur da ke Dutsin-Ma, kai ka ce kasuwa ce ta tashi ta dawo gidan. Bikin ɗiyarsa Raihana ya matso, har an sayo leshin anko, ruwan makuba, ja mai duhu irin na daɓen ɗakin tsofaffi. Ɗankwali kawai ya rage. Gwaggo Yahanasu, wadda ta riƙe Raihana tun rasuwar mahaifiyarta, ta kafe a kan ruwan gwal. Ɗiyarta Fiddausi ta ce gwal tsohon yayi ne, ruwan madara shi ke fito da jan a hoto. Raihana ta yi murmushi ta ce a bari mai abin ya zo.

Mai abin shi ne angon, Musaddiq, tela a Kurfi, wanda ya yi suna wajen haɗa zare da shadda. Shi ya koya mata cewa ruwan makuba kala ce mai ɗumi, ko dai a sanyaya ta da shuɗi, ko a haska ta da fari mai taushi.

Bayan la'asar ya iso. Ta kai masa leshin zaure da ɗankwalaye uku. Ya ɗauki ɗaya ya kai dab da fuskarsa, ya juya wajen hasken ƙofa, ya daɗe.

"Cire baƙin nan, Raihana. Baƙi ba na biki ba ne."

Ta yi dariya, don shuɗi ne a hannunsa, shuɗin da ko yaro ba zai ɓata ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ajiye ɗankwalin a hankali, ya gaya mata tun bara yake ganin kamar hayaƙi a gefen idonsa. Makon jiya likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa sauran da magani. Fiddausi na bakin ƙofa da kofin ruwa, ta ji komai.

Kafin magariba gidan ya ɗauka. Gwaggo ta ce ba ta yi wahalar rainon marainiya don ta ƙare a 'yar jagora ba. Tela babu ido, me za a ci? Raihana ta durƙusa tana kuka, Gwaggon ma kukan take, amma ba ta sauko ba. Malam Tukur ya ce a ɗaga bikin tukuna. Abin da ya karya Raihana ba wannan ba ne. Musaddiq da kansa ya aiko kawunnansa cewa ya yafe auren, ba zai cuci 'yar mutane ba. Ta kira wayarsa har ta gaji, ba ya ɗauka.

Ana haka Fiddausi ta samu miji. Gwaggo ta ce leshi dai an riga an raba wa dangi, ba za a yi asara ba. Haka Raihana ta sa ankon aurenta a bikin wata, da ɗankwali ruwan madara, tana raba shinkafa, mata na nuna ta da baki. Haɗin ya yi kyau ƙwarai, kowa ya yaba, kuma kowace yabawa sai ta ji kamar an tsikare ta da allura.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Raihana ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Duk manemin da Gwaggo ta kawo, takan fita ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi haƙuri. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ba ta kuma saci hanyar Kurfi ba.

Wata ranar kasuwar Kurfi Malam Tukur ya bi ta ƙofar shagon Musaddiq. Ya gan shi zaune cikin zarurruka, yana roƙon mai kaya ya faɗa masa kalar shaddarsa. Da aka ce ruwan makuba ce, nan take ya ce zare ruwan toka mai haske za a sa, amma da ya miƙa hannu sai ya ɗauko kore. Mai kayan ya naɗe shaddarsa ya fita. Musaddiq ya yi hamdala, ya ci gaba da lalube.

Da Malam ya dawo gida ya kira Raihana, ya tambaye ta ko har yanzu tana nan a kan bakanta.

"Baba, da bayan ɗaurin aure ciwon ya same shi, za ku ce in fito?"

Malam ya ce, "Da na tsine miki in kin fito."

Shi da kansa ya koma Kurfi ya tayar da maganar auren. Musaddiq ya so ya ƙi, sai da Malam ya yi masa faɗa irin na uba. Aka ɗaura aure ba kiɗa ba taro. Gwaggo ta raka ta har ɗaki, ta fito ta wuce ango kamar ba ta gan shi ba. Daga baya aka dawo da keken ɗinkin gida: Raihana ke faɗin kalar yadi ta miƙo zare, shi ke cewa wanne ya dace, sana'a ta farfaɗo daidai rufin asiri. Idon kam bai dawo ba, kullum ƙara tsukewa yake.

Tun washegarin tarewa kuwa, da hantsi, Musaddiq ya ce ta matso bakin taga. Ya riƙe fuskarta da hannu biyu yana kallo, har ta tambaye shi lafiya.

"Tsaya, kar ki motsa. So nake in haddace ki tun da sauran haske."

Ta tsaya, hawaye na bin yatsunsa.

Haƙuri ba ya mayar da abin da Allah ya karɓa, amma yakan bar wa mutum abin da ba a saye a kasuwa. Wanda ya so ka don lafiyarka, lafiyar yake so. Masoyin gaskiya sai ranar da ta gushe ake gane shi.