Sai Bishop Ya Zo

Rahila na tsakar gida tana sheƙe 'yar dawar da ta rage a rumbu sa'ad da mahaifinta, Baba Tanko, ya shigo ya yi jifa da fartanya. Tun bai zauna ba ya fara faɗa. Wai dangin Barnaba sun tare shi a hanyar gona da zancen neman aurenta.

"Yaron da ya karya mini hannun ɗa, shi zan ɗauki 'ya in ba?"

Gidan Baba Tanko na cikin gidajen 'yan Katolika da ke wani ƙauye a gefen Shanono. Shekarun fari ne, gero na bushewa tun bai fid da kai ba. Bara aka yi rigimar layi a rijiya ɗaya da ta rage da ruwa, Barnaba ya ture Habila, wan Rahila, ya faɗi a kan dutse, hannunsa na dama ya karye. An ɗora, amma bai koma daidai ba. Barnaba kuwa ya ƙi ba da haƙuri, ya ce ai Habila ne ya fara zagar masa uwa.

Da dattawan coci suka sa baki, Baba Tanko ya fito da dabara. Ya ce Barnaba baftismar jarirai kawai gare shi, bai karɓi sakramentin Ƙarfafawa ba, don haka ba aure sai ya karɓa. Ya san Bishop ne ke bayarwa, kuma yakan daɗe bai zo ƙauyensu ba. Ya kuma san dole mai karɓa ya sami wanda zai tsaya masa ya dafa kafaɗarsa, sai ya bi mazan coci gida-gida ya ce duk wanda ya tsaya wa yaron nan, shi da shi har abada.

Ranar kasuwa Barnaba ya tare Rahila yana huci. Ya ce zai shiga ajin shirin karɓar sakramentin, a shafa masa man a goshi, ya karɓo satifiket ya jefa wa tsohon a gabansa. In kuma abin ya ja, ta biyo shi Kano kawai.

Ran Rahila ya ɓaci. Ta ce ba inda za ta bi shi, ita da iyayenta. Ta ce ranar baftismarsa wasu ne suka amsa a madadinsa yana zanin goyo, wannan karon kuwa shi zai tsaya da ƙafarsa, Bishop ya ɗora masa hannu, ya roƙa masa Ruhu Mai Tsarki ya ba shi ƙarfi.

"Tikitin mota ka ɗauke shi? Wane ƙarfi ma kake nema? In na karya hannu ne, ai kana da shi. In don ni za ka yi, Barnaba, ka bari — ba na so."

Ya juya ya bar ta tsaye. Kwana kaɗan ta ji ya tafi cin rani birni, yana tura kurar ruwa.

Ranin nan Rahila ta ga tashin hankali. Baba Tanko ya daina amsa gaisuwarta. Habila ba ya cin tuwon da ta tuƙa, a shekarar da tuwon ma ba kullum ba ne. Innarta ta ce ta zaɓi bare a kan jininta. Takan shiga bayan rumbu ta yi kukanta, ta share ido ta koma kan turmi. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma ɗaga wa kowa murya ba.

Da ruwan farko Barnaba ya dawo ya shiga aji, ƙato da gemu a tsakiyar yara suna ta yi masa dariya. Malam Yohanna katikis, mai koyar da ajin, ya faɗa masa kai tsaye cewa kafin ranar sai ya je wurin Fada, limamin cocin, ya furta zunubansa, kuma furtawa ba gyara aikin banza ne. Barnaba ya yi ta musu, har sau biyu yana ficewa daga ajin.

Wata safiya Habila ya isa gonarsa da ciyawa ta cinye, ya tarar da Barnaba sunkuye yana noma. Ya ce ya fita. Barnaba bai ɗago ba. Habila ya zage shi, ya sake zagar uwarsa, ya ɗauki ƙotar fartanya da hagu ya maka masa a gadon baya. Barnaba ya miƙe, ido jawur, hannu a dunƙule. Ya daɗe a haka, sannan ya sunkuya ya ci gaba da kunyarsa. Washegari ya dawo. Sai da ya gama noman farko da maimai kafin ya durƙusa ya ce, "Na cuce ka, Habila. Ka yafe mini." Habila ya tofar da yawu ya yi gaba.

Bishop ya zo dab da kaka. Malam Yohanna ya riga ya gaya wa Barnaba cewa in aka zo kansa ba mai tsaya masa, sai dai ya fita daga layi. Kowane yaro da babba a bayansa, shi kaɗai ne ba kowa. Baba Tanko na bencin gaba ya harɗe hannu. Rahila na ɓangaren mata, ta toshe baki da gyale, hawaye na zuba. Layi ya yi ta raguwa har saura mutum ɗaya a gabansa. Barnaba ya ɗaga ƙafa zai fita ke nan, ya ji an dafa shi. Habila ne, da karkataccen hannunsa na dama.

Bishop ya shafa masa mai a goshi da alamar gicciye, ya yi masa fatan salama. Baba Tanko kuwa ya tashi fuu ya fice daga cocin.

A gida ya hau Habila da faɗa, wai ya kunyata shi a bainar jama'a. Habila ya bari ya gama, ya ce, "Baba, hannuna aka karya, ba naka ba. Na yafe. Kai me ya rage maka?"

Bayan an ɗaure damman gero, tsohon da kansa ya aika a ce wa dangin Barnaba su turo magabata. Ranar bikin ma yana ta mita wai miya ta yi gishiri, amma shi ya riƙo Rahila har gaban Fada.

Haƙurin Rahila ya ba ta miji ba tare da ta rasa gidan ubanta ba. Barnaba kuma ya gane cewa abin Allah ba a yinsa don a ci riba ko a rufe bakin wani, kuma ƙarfin da ake roƙa wa mutum shi ne ya iya danne zuciyarsa ranar da take tafasa.