Minti Ɗaya na Shiru a Majema

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris 2023, ƙarfe shida da kwata na yamma, 'yan wasan tele su tara suka shiga wata tsohuwar majema a bayan Birni, a Damagaram, don ɗaukar wurin da jandarmomi ke tsintar gawa.

Jinin wasa, da soɓorodo da ƙaro Kaltuma ke haɗa shi. Mahamud, mai ba da umarni, ya ce ba ya kama ido a kamera. Ya aika mayanka aka ciko bokiti da jini na gaske.

"Malam Mahamud, almuru ta kawo kai," in ji Kaltuma ƙasa-ƙasa. "Masu wurin, mutanen ɓoye, yanzu suke fitowa."

"Yaya, zuba kawai. Rana za ta gudu."

Habu, mai fitowa a gawa, ya kwanta bakin rami. Aka kwarara masa jinin daga wuya zuwa ciki. Ƙarni ya haɗu da ɗoyin ruɓaɓɓiyar fata. Ƙudaje suka rufe shi.

Aikin yana da ƙa'ida: in an gama ɗauka, kowa ya daskare minti ɗaya, a naɗi shirun wurin. Yunusa, mai sauti, ya toshe kunnuwansa da abin ji, ya miƙa sandar makirfo bisa Habu.

Ƙudajen suka tashi gaba ɗaya.

Sai Yunusa ya ji lasa. Harshe mai kauri, mai yawu, ba ya gaggawa. Ya duba. Ba kare, ba kowa. Amma jinin ƙirjin Habu yana gushewa layi-layi.

Habu bai motsa ba. An ce masa kada ya motsa sai ya ji Mahamud ya ce "kupe", wato an gama. Hawaye kawai ke gangarawa cikin kunnensa.

Harshen ya hau wuya. Numfashin Habu ya fara sarƙewa.

Wata murya ta raɗa a kunnen Yunusa: "Na cikin jikin ya fi ɗumi."

Yunusa ya yar da sandar. Ya cafki ƙafafun Habu, ya ja shi har ƙofa, yana salati.

Habu ya rayu. Sai dai duk inda harshen ya bi, gashi bai sake tsirowa ba, fatar ta yi laushi kamar jemammiya, warin kuma ya gagari sabulu. Bai ƙara tsayawa gaban kamera ba.

Da aka koma aiki bayan Sallah, ga waɗanda suka rage:

Mahamud, wanda ya saka abin da aka ɗauka ranar a wasan, bai yanke komai ba.

Kaltuma, da tulun soɓorodonta.

Yunusa, wanda ya daina naɗar shiru.

Sai bokitin, can a majema. An leƙa washegarin ranar da abin ya faru, an tarar da shi tas.